Mutumin Da Ke Tsaye Bakin Famfo: Tarihin Hidimar Gidan Mai Da Amurkawa Ke Kewa



'Yan uwanmu na Nima da Mamobi da Aboabo da suka tafi neman abinci Amurka, musamman waɗanda suka yada zango a unguwar Bronx ta birnin New York, idan sun zo gida hutu sukan ba mu wani labari mai ban dariya. Sukan ce a can, idan ka shiga gidan mai babu mai taryarka. Kai za ka fito, ko ana zabga ruwa ko ƙanƙara na sauka, ka sa katin banki a jikin famfo, ka ɗauko tiyo, ka zuba wa kanka, ka mayar, ka kama gabanka. Ba ka yi wa kowa sallama ba, ba wanda ya yi maka. Amma da zarar ka haye gadar George Washington ka shiga jihar New Jersey, sai al'amari ya juye. A nan doka ta hana ka taɓa famfon. Zama za ka yi cikin motarka, ka sauke gilashi, ma'aikaci ya zo ya tambaye ka na nawa za a zuba, kamar kana Kumasi ko Tamale.

Cikin jihohin Amurka 50, New Jersey kaɗai ta rage a kan wannan doka. Shi ya sa dattawan ƙasar suke yawan tuna gidajen man da suka sani da ƙuruciya. Suna sayen tsofaffin famfuna da kuɗi masu tsoka su ajiye a gida, suna gyara gidajen man da suka mutu su mayar da su wurin ziyara. Mu da muke ganin mai zuba mai kullum, wani lokaci ko fuskarsa ba ma kallo, sai mu ce wannan kuma wace irin kewa ce? To, tarihin ya cancanci mu kasa kunne, domin hanyar da suka bi har suka rasa wannan mutum ta biyo ta ƙofar gidanmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

KAFIN A GINA GIDAN MAI

Mota ta riga gidan mai zuwa duniya. A watan Agustan 1888, Bertha Benz, matar injiniyan nan na Jamus Carl Benz, ta ɗauki motar da mijinta ya ƙera, ta sa 'ya'yanta biyu, ta kama hanya daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar da ta haura kilomita 100. Da mai ya yanke mata a garin Wiesloch, kantin magani ta shiga, ta sayi wani ruwa mai kama wuta da ake cire dauɗar tufafi da shi, ta ɗura wa motar. Har gobe Jamusawa suna nuna wannan kanti a matsayin gidan mai na farko a duniya.

A Amurka kuwa, kananzir ne ke ci a kasuwar mai ta lokacin, saboda fitilu. Masu motar farko sukan je kantin kayan ƙarfe ko wurin maƙeri, a ɗebo musu fetur daga duro da bokiti, a tace da ƙyalle, a zuba da mazurari. Gobara ba ta da wuyar tashi. A 1885 wani mutumin garin Fort Wayne mai suna Sylvanus Bowser ya ƙera famfo mai awo don sayar da kananzir, daga baya ya gyara shi ya dace da fetur. A 1905 aka buɗe wani wuri a birnin St. Louis da aka keɓe don sayar wa masu mota fetur kawai. Sai kuma Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, mai sauƙin kuɗi, har manomi da ma'aikaci suka iya mallaka. Kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15. Duk waɗannan motoci suna bukatar inda za su sha mai.

Ranar 1 ga Disamba, 1913, kamfanin Gulf ya buɗe wani gidan mai a titin Baum da ke birnin Pittsburgh, wanda aka zana aka gina musamman don mota ta shigo ta tsaya ƙarƙashin rumfa. Ran farko galan 30 aka sayar, kowane galan senti 27. Cinikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya sa tarihi ya riƙe sunan wurin shi ne abin da ake yi wa direba kyauta: a ba tayarsa iska, a ba injinsa ruwa, a duba masa baƙin mai, a kama masa sa taya. Ba a daɗe ba kamfanin ya fara raba taswirar hanya, ita ma kyauta. Daga nan sauran kamfanoni suka ɗauka.

ME YA KAWO HIDIMAR?

Kada mu zaci tausayi ne ya sa masu mai suka yi haka. Dalilai uku ne, kuma duk na kasuwa.

Na farko, motar wancan zamani raguwa ce. Tana shan baƙin mai, tana tafasa a kan tudu, tayarta ba ta jimrin hanya. Direban da bai duba waɗannan ba duk 'yan kwanaki, a daji zai kwana. Saboda haka tsayawa shan mai ita ce damar da ake duba lafiyar mota.

Na biyu, fetur fetur ne. Direba ba ya iya bambance na wannan kamfani da na wancan, farashi kuma kusan ɗaya. Idan gidajen mai huɗu suka kewaye mararraba ɗaya, me zai sa ka zaɓi ɗaya ka bar uku? Sai fara'ar wanda ya tarye ka da tsaftar wurinsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A ƙarshen shekarun 1930 har kamfanin Texaco ya sa masu duba tsaftar makewayi suna zagaya gidajen mansa, yana kuma tallata haka don jawo masu tafiya da iyali.

Na uku, amana. Mai yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ya shiga tanki, mai saye bai ga komai ba. Don kawar da zargi, a shekarun 1920 aka yayi famfo mai dogon tulun gilashi a kansa, an zana layukan galan a jiki. Ma'aikaci zai kama mariƙi ya yi ta bugawa gaba da baya har mai ya hau ya cika gilashin, mai saye ya ga launinsa da yawansa da idonsa, sannan a saki ya gangaro cikin mota. Gani ya kori ji. Sai a shekarun 1930 famfon lantarki mai lissafa kuɗi da kansa ya fara karɓe wurin.

Lokacin da dattawan Amurka suka fi tunawa shi ne shekarun 1950 da 1960. Akan shimfiɗa siririn tiyon roba a ƙasa a bakin shiga. Da taya ta taka shi sai ƙararrawa ta kaɗa a ciki, ma'aikaci ya fito da sauri, da hula da rigar kamfani, sau da yawa da sunansa a ƙirji. Zai tambayi na nawa, ya sa famfo. Kafin tanki ya cika ya goge gilashin gaba, ya ɗaga murfin inji, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya kawo wa direba ya gani, ya leƙa ruwan batir, ya auna iskar taya. Idan baƙo ne ya kwatanta masa hanya, ya miƙa masa taswira. Direba ya biya ta taga, a kawo masa canji, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

A gefen famfo akwai rumfar gyara, mai gidan man kuma galibi bakanike ne ɗan unguwa. Ya san motar kowa da tarinta, ya san wanda zai iya ɗaga wa ƙafa har ƙarshen wata. Samari da yawa a nan suka fara aikin farko, a nan suka koyi riƙe sifana, da ƙirga canji, da yi wa babba magana. A ƙananan garuruwa gidan mai shi ne majalisa. Wasu ma abinci suka haɗa da shi. Harland Sanders a gidan mansa na garin Corbin, a jihar Kentucky, ya fara ciyar da matafiya a 1930. Soyayyar kazar KFC da yaranmu suke bi layi su saya a Osu, asalinta daga bakin famfo ne.

ABIN DA KEWA TAKE MANTAWA

Mai kewa yakan tuna zaƙi ya manta ɗaci, don haka wajibi ne mu faɗi ɗayan ɓangaren. Wannan hidima ba ta game kowa ba. A zamanin dokokin wariyar launin fata, baƙar fata zai iya tsayawa a gidan mai a karɓi kuɗinsa, amma a hana matarsa da 'ya'yansa shiga makewayi. Wani wurin ma man ba za a sayar masa ba. Iyalai da yawa sukan yi guzurin abinci da galan ɗin mai a bayan mota don gudun wulaƙanci. Wannan ne ya sa wani ma'aikacin gidan waya mazaunin Harlem, Victor Hugo Green, ya fara buga wani ɗan littafi a 1936, wanda aka fi sani da Green Book, yana jera masaukai da gidajen abinci da gidajen man da baƙar fata zai tsaya ba tare da fargaba ba. Gidajen man Esso suna cikin wuraren da ake samunsa. An ci gaba da buga shi har bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964. Mu jikokin fatake mun fi kowa gane wannan littafi. Kakanninmu ma, kafin su bar Kano ko Katsina zuwa Gwanja, sai sun san zangon da za su sauka da maigidan da zai karɓe su.

Shi kansa ma'aikacin bai sha da daɗi ba. Albashinsa kaɗan ne, yana tsaye cikin sanyi da zafi, yana shaƙar tururin fetur daga safe har dare. Tun 1923 aka fara zuba sinadarin dalma a fetur don inji ya daina ƙwanƙwasa, alhali dalma guba ce ga jini da ƙwaƙwalwa. Sai a 1996 Amurka ta haramta shi kwata-kwata ga motocin kan titi. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Waɗanda suka tsaya bakin famfo shekara da shekaru kafin nan, da lafiyarsu suka biya.

YADDA AKA SALLAMI MAI ZUBA MAI

A 1947 wani ɗan kasuwa mai suna Frank Urich ya buɗe gidan mai a Los Angeles inda direba zai zuba wa kansa, a rage masa senti 5 a kan kowane galan. 'Yan mata masu takalma masu taya ne suke zagayawa karɓar kuɗi. Mutane suka yi masa ca. Sauran masu gidajen mai suka ga abincinsu zai zube, sai suka tashi tsaye, suka ce barin kowa da kowa ya riƙe famfo gayyatar gobara ne. Jihohi da dama suka hana. New Jersey ta kafa dokarta a 1949, Oregon ta bi a 1951. Tsoron gobarar gaskiya ne, amma tsoron faɗuwar ciniki ma yana ciki.

Sai na'ura ta shigo. A 1964, a garin Westminster na jihar Colorado, wani mai kanti, John Roscoe, ya sa wata na'ura da za ta ba mutum ɗaya damar kunna famfuna yana zaune a cikin kanti. Aikin mutum huɗu ya koma hannun mutum ɗaya. Jihohi suka fara janye hani ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya ƙarasa lamarin shi ne rikicin mai na 1973. Lokacin yaƙin watan Oktoba tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Layuka suka miƙe a gidajen mai, har wasu jihohi suka raba ranakun sha bisa lambar ƙarshe ta mota. A nan dalilin hidimar ya rushe. Wanda ake bi wa layi ba ya bukatar goge wa kowa gilashi. Taswirar kyauta ta ɓace, kofuna da 'yan kyaututtukan da ake jawo mutane da su suka ɓace. Direban da a da yake zaɓar gidan mai don fara'a, yanzu allon farashi yake kallo. Da aka sake shiga wata wahalar a 1979, lokacin juyin juya halin Iran, sai abin ya zauna daram.

Motoci ma suka canja. Inji ya daina shan baƙin mai kamar da, taya ta ƙara ƙwari, gyara kuma ya koma na kwamfuta, ya fi ƙarfin bakaniken unguwa. Masu gidajen mai suka lura ribar lemo da biskit da sigari ta fi ribar fetur, sai suka rushe rumfar gyara suka yi kanti. Da famfo mai karɓar katin banki ya bazu daga shekarun 1980 zuwa 1990, ko mai karɓar kuɗin ma direba ya daina gani.

Babu ranar da Amurkawa suka zauna suka yanke cewa ba sa son mai zuba mai. Kowane direba ya zaɓi ragin senti kaɗan, kowane mai gidan mai ya zaɓi rage albashin mutum ɗaya, kowa da hujjarsa mai kyau. Da aka tara waɗannan ƙananan zaɓe-zaɓe sai aka wayi gari sana'a guda ta tafi. Daga baya aka gane akwai waɗanda aka bari a baya: tsofaffi, da naƙasassu, da duk wanda fitowa daga mota wahala ce gare shi. Sai da dokar kare naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa gidajen mai taimaka musu idan akwai ma'aikaci fiye da ɗaya a wurin. Abin da a da ake yi wa kowa don al'ada, yanzu sai an danna oda an jira.

A kan tsohuwar hanyar nan ta Route 66, wadda aka buɗe a 1926 aka soke a 1985 bayan manyan tituna sun kwashe mata motoci, an gyara wasu gidajen man, kamar na garuruwan Odell da Dwight a jihar Illinois. Famfunan suna nan fes, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto, amma ko ɗigon mai ba ya fita.

Sauran duniya ba hanya ɗaya ta bi ba. Japan ta halatta zuba wa kai a 1998. Oregon ta janye haninta a watan Agustan 2023. Burazil kuwa a shekarar 2000 ta kafa dokar hana famfon zuba wa kai, don kare aikin ma'aikata. A Afirka ta Kudu ma har yau ma'aikaci ne ke zuba maka. Ke nan ɓacewar mai zuba mai ba ƙaddarar da ba ta da makawa ba ce. Wasu ƙasashe sun auna, sun ga aikin yi ya fi musu ragin farashi.

NAMU TARIHIN

A nan Gana ma mai ya riga gidan mai. A zamanin Turawa, fetur da kananzir a garwa suke zuwa, mai cin galan 4, garwa biyu a akwatin katako ɗaya. Direban da zai yi arewa sai ya loda garewaninsa tare da kaya, domin babu famfo a gaba. Garwar da aka juye kuwa ba a yar da ita. Ta zama abin ɗibar ruwa, ta zama ma'aunin hatsi, maƙera suka yanka ta suka yi fitila da mazurari. Har yanzu sunanta yana bakinmu ko da ita kanta ta yi wuyar gani.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, bayan yaƙin duniya na farko kuma manyan motoci suka bazu a ƙasar. Goron da fatake suke ɗauka a kan jakuna ta Salaga da Kintampo ya koma bayan mota da cikin jirgin ruwa. Mutanen zango ba su zauna kukan ayari ba, suka bi kayan zuwa tasha. Wasu suka zama direbobi, wasu yaran mota, wasu 'yan kamasho, wasu masu faci. Gidan mai ya gaji wani ɓangare na aikin zangon fatake: a nan ake tsayawa, a sha ruwa, a yi alwala, a ji labarin hanya, a bar saƙo. Dattawanmu direbobin hanyar Kumasi zuwa Tamale da Bolga da Bawku suna iya lissafa maka gidajen man hanya kamar yadda kakanninsu suke lissafa rijiyoyi. Sun ga famfon hannu mai gilashi, kuma har yau da galan suke lissafi, lita ba ta zauna musu ba.

Alamun da suka saba gani su ne na Shell da Mobil da BP da Texaco. A 1960 kamfanin AGIP na Italiya ya kafa reshensa a ƙasar, a 1963 aka buɗe matatar mai ta Tema. Gwamnati ta saye AGIP a 1974, daga nan aka samu GOIL da muke gani a ko'ina. Mu ma mun sha namu layin a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da mota take kwana da kwanaki a gidan mai, kuma mun ga abin da Amurkawa suka gani: idan mai ya yi wuya, fara'a ita take fara ɓacewa, sanayya da cuwa-cuwa su maye gurbinta. A 2005 aka kafa hukumar kula da harkar mai ta ƙasa, a 2015 kuma gwamnati ta sakar wa kamfanoni su sa farashinsu da kansu. Tun daga nan direban tasi da na torotoro allon farashi yake fara kallo kafin ya karya kan mota. Biyan kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, kantuna sun cika gidajen mai, ana kuma maganar motoci da babura masu lantarki waɗanda ba ruwansu da famfo. Wanda ya karanta abin da ya gabata a sama zai gane waɗannan matakai, don kusan a jere suke da na can.

ABIN DA KE HANNUNMU

Bambancinmu da su shi ne mutumin yana nan tsaye. Saurayi ko budurwa, da rigar kamfani, da daminar kuɗi a hannu, daga asuba har dare. Da wannan albashi wani yake biyan kuɗin makarantar ƙannensa, wata take riƙe da mahaifiyarta. A ƙasar da matasa suke yawo da takardu babu aiki, kowane famfo bakin abinci ne. Shi ne kuma yake karanta wa tsohon da bai yi boko ba abin da mita ta nuna, shi yake hana a zuba dizal a motar fetur, shi yake cewa a kashe inji, a kashe sigari. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni, 2015 a Ankara, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a gidan man da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu fakewa ruwa suka shiga yi, ya san gidan mai wuri ne da ke bukatar ido a farke. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mutumin yana nan, amma hidimar ta yi rauni, amanar ma haka. Sau nawa aka goge mana gilashi ba mu roƙa ba? Sau nawa muka ƙura wa mita ido don tsoron kada a fara daga inda na gabanmu ya tsaya? Wannan zargi shi ne babban abokin gaban sana'ar. Ranar da direba ya yarda cewa na'ura ta fi mutum gaskiya, ranar zai nemi a ba shi tiyon ya zuba da kansa, mai gidan man kuma ba zai yi musu ba, don albashi zai ragu masa. Addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu, har sura guda aka sa wa sunan masu yin haka. Famfo mudu ne. Hukuma ta tanadi gwangwanin awo na lita 10 da mai saye zai iya nema a gwada a gabansa idan ya yi shakka. Neman sa ba rashin kunya ba ne, shi ne tulun gilashin zamaninmu.

Saboda haka kowa da nasa. Ɗanmu da ke bakin famfo ya sani cewa gaskiyarsa da sakin fuskarsa su ne suke riƙe masa aikin, shi da waɗanda za su zo bayansa. Alhazanmu masu gidajen mai su biya albashi a kan kari, su daina ɗora wa yaro asarar da ba shi ya jawo ba, domin ma'aikacin da aka matse shi ne yake matse mita. Mu kuma masu shan mai, mu sauke gilashi mu yi sallama kafin mu faɗi na nawa. Mu ce sannu da aiki. In da hali mu bar masa ɗan canjin. Kada mu jefa masa kuɗi ta taga kamar muna ba da sadakar dole.

Dattawanmu direbobi da tsofaffin ma'aikatan gidajen mai suna nan da ransu a Sabon Zango da Asawase da Tamale. Mu je mu zauna da su, mu tambaye su yadda ake buga famfon hannu, da nawa suka fara sayen galan, da wuraren da suke tsayawa a hanyar arewa. Mu rubuta, mu ɗauki muryarsu, mu nemi tsofaffin hotuna a akwatunan gida. Amurkawa sai da abin ya wuce suka fara tattara famfunan da babu kowa a bayansu. Mu namu masu labarin suna nan, ana iya gaishe su a ji amsa.

Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa, ya ba mu ikon cika mudu. Wassalam.